Kuɗin Gidauniya da Haƙƙin Talaka: Tarihin Gidauniyoyin Amurka a Afirka ta Kudu, 1929–2004

I. Ma'anar kalmar da dalilin zaɓen ƙasar

Kalmar gidauniya tsohuwa ce a Hausa. Asalinta babbar ƙwarya ce, sa'an nan ma'anarta ta faɗaɗa har ta kai ga kuɗin da jama'a su ke zubawa wuri guda don wata bukata, ko wane mutum gwargwadon ƙarfinsa. Da masu rubutun jarida suka nemi sunan da za su kira irin hukumomin nan na Amurka masu rabon kuɗi, kamar na Carnegie da Ford da Rockefeller, sai suka ɗauki wannan kalma. Amma ya kamata mai karatu ya lura da bambanci guda. Gidauniyar Hausawa hannu da yawa ke cika ta. Ta Amurka kuwa galibi dukiyar attajiri ɗaya ce, ya ware ta, ya danƙa wa wasu amintattu. Su kan juya uwar kuɗin a kasuwa, abin da ta haifa shi a ke rabawa, dokar ƙasarsu kuma ta wajabta musu fitar da wajen kashi 5 cikin 100 na dukiyar ko wace shekara. Watau ta fi kusa da abin da malaman fiƙihu su ke kira waƙafi.

Sunayen nan ba baƙi ba ne ga malaman makarantun Nijeriya. Carnegie ce ta ɗauki nauyin hukumar Ashby ta 1959 zuwa 1960, wadda ta ba da shawarar ƙara jami'o'i a ƙasar, Ford da Rockefeller kuma su suka kafa cibiyar binciken noma ta Ibadan cikin 1967. To, ilmi da noma abubuwa ne da ba su cika jawo rigima ba. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne abin da irin kuɗin nan ya ke iya yi a inda a ke rigima, watau wajen haƙƙin ɗan Adam da wajen dokokin ciniki tsakanin ƙasashe. An zaɓi Afirka ta Kudu saboda dalili biyu. Na farko, tarihin gidauniyoyin a can ya haura shekara 70, da kyakkyawansa da mummunansa duka a rubuce. Na biyu, a can ne maganar ciniki da maganar haƙƙi suka haɗu a gaban alƙali ɗaya, cikin 2001.

II. Binciken Carnegie na farko

Andrew Carnegie, mutumin Sikotilan wanda ya yi arziki a Amurka da sana'ar ƙarfe, ya kafa babbar gidauniyarsa cikin 1911, aka kuma keɓe wani kaso nata don ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Cikin 1927 shugabanta, Frederick Keppel, ya ziyarci Afirka ta Kudu. Waɗanda ya gana da su Turawa ne, malaman jami'a da shugabannin coci, abin da ya dame su kuwa shi ne talaucin 'yan'uwansu. Fari da annobar shanu da yaƙin Buwa sun kori Turawan karkara da yawa daga gonakinsu, sun taru a bakin birane ba su da sana'a, suna zaune kusa da baƙaƙe, suna neman aiki iri ɗaya da su.

Gidauniyar ta yarda ta biya kuɗin bincike. Daga 1929 masana suka yi ta zagaya ƙasar da mota, cikin 1932 suka fitar da rahoto littafi 5, a kan tattalin arziki da halayyar mutane da ilmi da lafiya da zaman jama'a. Suka ƙiyasta Turawa matalauta sun kai 300,000, wajen ɗaya cikin shida na Turawan ƙasar ke nan. Aikin ya yi kyau ta fuskar ƙwarewa. Aibinsa yana cikin tambayar da aka fara da ita. A lokacin nan dokar ƙasa ta 1913 ta riga ta tsare baƙaƙe, waɗanda su ne mafi yawa, cikin wajen kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, talaucinsu kuwa ya fi na kowa tsanani. Rahoton bai ɗauki wannan a kan abin bincike ba. Inda ya ambaci baƙaƙe, ya fi ambatonsu a matsayin haɗari ga Bature matalauci, kada ya gauraya da su darajarsa ta zube.

Cikin 1934 aka yi babban taro a Kimberley don duba shawarwarin rahoton. Cikin masu shirya shi akwai wani malamin jami'ar Stellenbosch, Hendrik Verwoerd, wanda ya zama Firayim Minista cikin 1958, shi ne kuma aka fi sani da gina mulkin wariyar launin fata. Masana tarihi sun saɓa a kan iyakar hannun rahoton cikin abin da ya biyo baya, gama fifita Bature wajen ɗaukar aiki ya riga shi, tun daga 1924 a ke yinsa da sunan gwamnati. Abin da ba a musu a kansa shi ne, rahoton ya ba masu wannan ra'ayi hujja ta ilmi da alƙaluma, kuma kuɗin alheri ne ya biya.

III. Lauyoyi da takardar fas

Jam'iyyar masu wariya ta ci zaɓe cikin 1948. Ginshiƙin mulkinta shi ne takardar fas, ɗan littafin da ko wane baƙar fata baligi zai riƙa yawo da shi. Bisa ga sashe na 10 na dokar birane, baƙar fata ba shi da ikon wuce awa 72 a birni sai in can aka haife shi, ko ya yi shekara 10 yana aiki wurin ubangida ɗaya ba yankewa, ko ya yi shekara 15 yana zaune da izini. Ko wace shekara a kan kama mutane dubu ɗaruruwa saboda wannan takarda. Zanga-zangar ƙinta ce ta kai ga kisan mutum 69 a Sharpeville ran 21 ga Maris 1960.

Gwamnati kuwa ta san haɗarin kuɗin waje. Cikin 1966 ta haramta asusun da ke biyan lauyoyin fursunonin siyasa, cikin 1974 ta yi doka wadda ta ba ta ikon hana ko wace ƙungiya karɓar kuɗi daga ƙetare. Amma akwai ƙofa ɗaya da ba ta so ta rufe a idon duniya. Tana alfahari da cewa ƙasarta ƙasar doka ce, tana da kotuna da alƙalai kamar na Turai. Ta wannan ƙofa gidauniyoyin suka shiga. Cikin 1973 Ford ta biya kuɗin wani taro a jami'ar Natal, a Durban, a kan yadda za a sama wa talaka lauya. Bayan tarzomar Soweto ta 1976 da mutuwar Steve Biko a hannun 'yan sanda cikin 1977, sai Ford da Carnegie da asusun 'yan'uwan Rockefeller suka haɗa hannu suka tallafa wa cibiyoyi biyu. Ta farko cibiyar nazarin shari'a ce a jami'ar Witwatersrand, wadda John Dugard ya buɗe cikin 1978. Ta biyu ita ce Legal Resources Centre, ofishin lauyoyi masu yi wa talaka aiki kyauta, wanda aka buɗe a Johannesburg cikin 1979. Waɗanda suka kafa shi su ne Felicia Kentridge da Geoff Budlender da Arthur Chaskalson. Shi Chaskalson yana cikin lauyoyin da suka kare Nelson Mandela a shari'ar Rivonia ta 1963 zuwa 1964, ya bar aikinsa mai kawo kuɗi ya zo ya shugabanci ofishin.

Dabarar ofishin ita ce a kama gwamnati da dokar da ita ta rubuta. A lokacin nan kotu ba ta da ikon soke dokar majalisa, amma tana da ikon cewa ma'aikaci ya wuce iyakar da doka ta ba shi. Shari'a biyu suka nuna amfanin wannan. Veli Komani yana da izinin zama a Gugulethu, kusa da Cape Town, amma aka hana matarsa zama tare da shi don ba ta da wata takardar haya da ma'aikata suka ƙaga. Cikin Agusta 1980 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙa'idar nan ba ta da tushe a doka. Ta biyu ita ce shari'ar Mehlolo Tom Rikhoto, wanda ya yi shekara 10 yana aiki a kamfani ɗaya a Germiston. Tun 1968 gwamnati ta sa a riƙa ɗaukar irinsu da kwangilar shekara ɗaya ɗaya, a ƙarshen ko wace shekara mutum ya koma ƙauye ya sake sa hannu, don a ce aikinsa ya yanke, shekara 10 ba za ta taɓa cika ba. Cikin Mayu 1983 kotu ta ce komawar nan hutu ce kawai, aikin bai yanke ba, Rikhoto ya cancanci zama a birni.

Hukuncin kotu dabam, aiki da shi dabam. Ma'aikatan ofisoshin fas suka yi ta ƙin bi, sai an kai musu takardar lauya a kan mutum ɗaya ɗaya. A nan ne ƙungiyar mata ta Black Sash, wadda aka kafa cikin 1955, ta yi amfani ƙwarai, gama ofisoshinta na ba da shawara su ke tara masu ƙara, su cika musu takardu, su miƙa wa lauyoyi. Da haka mutane dubbai suka sami izinin da aka daɗe ana hana su. An soke dokokin fas cikin 1986. Ba daidai ba ne a ce shari'u biyun nan su suka soke su. Boren unguwannin baƙaƙe daga 1984, da ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, da ƙin sabunta bashi da bankunan waje suka yi cikin 1985, duk sun fi su nauyi. Abin da shari'un suka yi shi ne suka huda tsarin, har ya zama tsare shi ya fi ƙarfin ma'aikatansa.

Ita ma Carnegie ta koma kan tambayarta ta dā. Cikin 1982 ta ɗauki nauyin bincike na biyu, wannan karo a kan talaucin baƙaƙe, a ƙarƙashin Francis Wilson na jami'ar Cape Town. Aka gabatar da takardu wajen 300 a taron 1984, cikin 1989 kuma Wilson da Mamphela Ramphele suka fitar da littafin da ya tattara sakamakon. Tsakanin rahoton farko da wannan littafi shekara 57 ne.

IV. Yadda ciniki ya shigo cikin maganar

Cikin 1994 aka yi zaɓen farko na kowa da kowa, Mandela ya hau, ya naɗa Chaskalson shugaban sabuwar kotun tsarin mulki. Tsarin mulkin 1996, a sashe na 27, ya ce kowa yana da haƙƙin samun hanyar kula da lafiyarsa, wajibi ne kuma gwamnati ta ɗauki matakan da suka dace, gwargwadon abin hannunta, don cika wannan.

A cikin watan zaɓen nan, Afrilu 1994, ƙasashen duniya suka sa hannu a Marakish ta Maroko a kan yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Cikinta akwai wani ɓangare da a ke kira TRIPS, wanda manyan kamfanonin Amurka suka matsa aka shigar. Ya wajabta wa ko wace ƙasa ta ba wanda ya ƙago sabon abu, har da magani, ikon mallakarsa na shekara 20, ba mai yin irinsa ko sayar da shi sai da izininsa. Kafin wannan, ƙasashe da yawa ba su ba da irin ikon nan a kan magani. Indiya, alal misali, tun dokarta ta 1970 hanyar haɗa magani kaɗai ta ke karewa, saboda haka kamfanoninta suka gwanance wajen yin magani iri ɗaya sak da na Turai ta wata hanya, mai inganci ba jabu ba, da araha ƙwarai.

Sai ga cutar ƙanjamau. Cikin 1990 matan da aka auna a asibitocin awon ciki na Afirka ta Kudu, masu ɗauke da ƙwayar cutar ba su kai 1 cikin 100 ba. Cikin 2000 sun kusa 1 cikin 4. Tun 1996 likitoci suka gano cewa haɗa magani uku yana tsayar da cutar, mutum ya tashi ya koma aikinsa. Amma kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. A Turai da Amurka mutuwa ta ragu, a Afirka aka ci gaba da binne matasa.

Cikin 1997 majalisar Afirka ta Kudu ta gyara dokar magunguna, ta ba Ministar Lafiya, Nkosazana Dlamini-Zuma, ikon sayo magani daga ko wace ƙasa da a ke sayar da shi da rahusa. Cikin Fabrairu 1998 kamfanonin magani wajen 40 suka kai gwamnatin Mandela ƙara, suka ce dokar ta taka haƙƙin mallakarsu, ta kuma saɓa wa TRIPS. Gwamnatin Amurka ta goya musu baya, ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda ta ke yi wa kashedi a kan ciniki. Dokar ta tsaya cik har shekara 3.

V. Shari'ar Pretoria da sanarwar Doha

Waɗanda suka juya wannan al'amari iri uku ne, ko wanne da inda ya ke samun kuɗinsa. Na farko su ne majinyata da kansu. Ran 10 ga Disamba 1998 Zackie Achmat da abokansa suka kafa ƙungiyar Treatment Action Campaign, wadda a ke taƙaitawa TAC, a Cape Town. Yawancin 'ya'yanta mata ne matalauta na unguwannin baƙaƙe. Ƙungiyar ta koya musu sunayen magunguna da yadda su ke aiki a jiki, har macen da ba ta gama makaranta ba ta iya tsayawa ta yi gardama da likita ko da minista. Ta kuma ɗaukar wa kanta ƙa'ida, ba ta karɓar kuɗin kamfanin magani, ba ta karɓar na gwamnatin ƙasarta. Saboda haka ta dogara ga masu ba da taimako na waje, cikinsu daga baya har da gidauniyar Atlantic ta Chuck Feeney.

Na biyu su ne lauyoyi. Lauyoyin TAC sun fito daga wani sashe da Edwin Cameron ya kafa cikin 1993 don kare masu ƙanjamau, a cikin cibiyar nan ta Witwatersrand wadda gidauniyoyi uku suka tallafa wa tun 1978. Watau gidan da aka gina don yaƙar takardar fas shi ya haifi waɗanda suka yi shari'ar magani.

Na uku su ne ƙungiyoyin ƙetare. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sami kyautar Nobel cikin 1999, ta zuba kuɗin kyautar cikin yaƙin neman saukin magani. Oxfam ta Ingila ta shiga a farkon 2001. Su waɗannan biyu daga hannun jama'a su ke tara yawancin kuɗinsu, su ne suka fi dacewa da ma'anar gidauniya ta asali. Akwai kuma wani ƙaramin ofishi a Washington na James Love, mai rayuwa da tallafin gidauniyoyi, aikinsa binciken ainihin abin da a ke kashewa wajen yin magani. Shi yana cikin waɗanda suka tattauna da Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya. Cikin Fabrairu 2001 Cipla ya yi shelar zai sayar wa MSF maganin nan uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a yini. Daga ranar nan duk mai cewa magani ba ya yiwuwa da araha sai ya kawo hujja.

Amurka ta riga ta janye matsinta cikin Satumba 1999, bayan masu zanga-zanga sun dami Mataimakin Shugaba Al Gore a tarurrukan neman zaɓensa. Ran 5 ga Maris 2001 aka buɗe shari'a a babbar kotun Pretoria, a gaban Mai Shari'a Bernard Ngoepe. TAC ta nemi a ba ta izinin shiga a matsayin mai taimaka wa kotu, aka ba ta. Takardun da ta shigar sun ƙunshi rantsuwar majinyata, sun kuma ƙalubalanci kamfanonin su bayyana abin da suka kashe wajen ƙago ko wane magani da yadda suka yanka farashinsa. Kotu ta ɗage zama don su ba da amsa. Ran 19 ga Afrilu 2001 kamfanoni 39 da suka rage suka janye ƙarar, suka yarda su biya gwamnati kuɗin shari'a.

Sauran aiki yana Jeneba, hedkwatar Ƙungiyar Ciniki. A can ƙasashe masu arziki suna da lauyoyi da masana birjik, ƙasar Afirka kuwa sau da yawa jakada ɗaya ne da mataimaki ko biyu, suna bin tarurruka da dama a yini guda, wasu ƙasashen ma ba su da ofishi. Wannan giɓi ne masu taimako suka cike. Ofishin 'yan ɗariƙar Quaker a Jeneba ya riƙa tara wakilan ƙasashe matalauta da masana shari'ar ciniki, su zauna a asirce su gyara hujjojinsu, cibiyar South Centre wadda Julius Nyerere ya shugabanta a farkonta ta riƙa rubuta musu takardun nazari, gidauniyar Rockefeller kuma tana cikin waɗanda suka tallafa wa irin wannan aiki. Jagorancin dai na wakilan ne. Ƙasashen Afirka, a ƙarƙashin jakadan Zimbabuwe Boniface Chidyausiku, su suka nemi a yi zama na musamman a kan magani cikin Yuni 2001. Cikin Oktoba, da aka aika wasiƙu masu ƙwayar cuta a Amurka, gwamnatin can ita kanta ta yi barazanar ƙetare haƙƙin mallakar wani kamfanin Jamus don ta sami magani da rahusa, bakinta kuwa ya mutu. Ran 14 ga Nuwamba 2001, a Doha ta Ƙatar, aka amince da sanarwa cewa TRIPS ba ta hana ko wace ƙasa kare lafiyar mutanenta ba, kuma ko wace ƙasa tana da ikon ba wani kamfani lasin yin magani ko da mai shi bai yarda ba, ita ce kuma za ta yanke dalilin yin haka.

VI. Gwamnati a gaban kotu

Da aka kawar da kamfanoni sai aka tarar da wani shinge a cikin gida. Shugaba Thabo Mbeki, wanda ya gaji Mandela cikin 1999, yana shakkar cewa ƙwayar cutar ce ke kawo ƙanjamau, yana kuma ganin magungunan guba ne. Akwai magani mai suna nevirapine, wanda in aka ba mace sau ɗaya lokacin naƙuda, aka ba jariri sau ɗaya, ya kan rage kamuwar jarirai da kusan rabi. Kamfanin da ke yinsa ya yi tayin ba da shi kyauta har shekara 5. Duk da haka gwamnati ta tsare shi a wurare biyu kawai cikin ko wane lardi.

TAC, wadda jiya ta tsaya bayan gwamnati a Pretoria, ta kai ta ƙara bisa ga sashe na 27. Lauyan da ya riƙe mata takardu shi ne Geoff Budlender na ofishin nan na 1979. Ran 5 ga Yuli 2002 kotun tsarin mulki, Chaskalson yana shugabanta, ta yanke da murya ɗaya cewa tsarewar ba ta dace da hankali ba, a ba da maganin duk inda likita ya ga ya kamata. Cikin Satumba na shekarar nan kuma lauyoyin suka kai ƙarar kamfanoni biyu gaban hukumar hana danniya a kasuwa, da sunan wata majinyaciya Hazel Tau da wasu, a kan tsadar farashi. Cikin Disamba 2003 kamfanonin suka sasanta, suka ba wasu izinin yin irin magungunansu. Cikin Oktoba 2003 gidauniyar Bill Clinton ta shiga tsakanin gwamnatoci da kamfanonin Indiya da na Afirka ta Kudu, ta tattara odar ƙasashe da yawa wuri guda, farashi ya sauko wajen dala 140 a shekara. Majalisar ministoci ta amince da shirin rabon magani cikin Nuwamba 2003, aka fara cikin 2004. Jinkirin ya ci rai da yawa. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cikin 2008 cewa fiye da mutum 330,000 suka mutu tsakanin 2000 da 2005 saboda shi. Zuwa 2020 kuwa fiye da mutum miliyan 5 ke shan maganin a ƙasar, yawancin kuɗinsa daga harajin ƙasar ya ke fitowa.

VII. Abin da tarihin ya nuna

In aka auna kuɗin da gidauniyoyin suka kashe da kasafin gwamnati ko da ribar kamfanonin magani, bai taka kara ya karya ba. Albashin 'yan lauyoyi ne, da hayar ofis, da kuɗin mota da na buga takardu. Amfaninsa ya zo ta hanya uku. An ba mutanen ƙasa waɗanda suka riga suka san abin da su ke nema. An daɗe ana bayarwa, har waɗanda aka fara biya cikin 1979 suka zama su ne lauya da alƙali cikin 2002. Kuɗin kuma bai bi ta hannun gwamnati ba, shi ya sa ofishi ɗaya ya iya kai ƙarar gwamnatin wariya, ya kuma iya kai ƙarar wadda ta gaje ta.

Iyakokinsa ma a fili su ke. Amintattun gidauniya ba wanda ya zaɓe su, ba wanda zai iya tuɓe su a ƙasar da su ke aiki, abin da suka ga dama shi su ke dubawa, kamar yadda 1932 ta nuna. Wasu masana na ƙasar sun yi sukar cewa gidauniyoyin sun fi son hanyar kotu don ba ta taɓa tushen dukiya, ga shi kuwa rabon gonaki da giɓin da ke tsakanin mai shi da maras shi sun kasa warwaruwa bayan 1994. Har wa yau, mai bayarwa ya kan gaji ko ya juya wani wuri. Cikin 2014 TAC ta yi shelar tana gab da rufewa don rashin kuɗi, gidauniyar Atlantic kuwa ta rabar da dukiyarta duka ta rufe cikin 2020, kamar yadda mai ita ya nufa tun farko. Sanarwar Doha ita ma ba ta kashe gardamar ba. Hanyar da aka tsara cikin 2003 don ƙasar da ba ta da masana'anta ta sayo magani daga waje ta yi wuyar bi, har ya zama Ruwanda ce kaɗai ta gwada ta a shekarun farko, ta sayo daga Kanada bayan ta ba da sanarwa cikin 2007. Cikin Oktoba 2020 Afirka ta Kudu da Indiya suka sake komawa Jeneba suna roƙon a ɗage haƙƙin mallaka a kan rigakafin korona, abin da suka samu cikin Yuni 2022 kuwa bai kai abin da suka nema ba.

Saboda haka malamin da zai koyar da wannan babi, ko wanda wata gidauniya ta zo makarantarsa da tayin taimako, yana da tambayoyi uku da tarihin nan ya ba shi. Wa ya zaɓi matsalar da za a duba, mutanen wurin ko mai kuɗin? Hannun wa kuɗin zai shiga, kuma zai iya faɗa wa mai mulki gaskiya bayan ya karɓa? Shekara nawa za a yi ana bayarwa, me kuma zai tsaya da ƙafarsa ran da aka daina? Gidauniyar Carnegie ɗaya ce cikin 1929 da cikin 1979, dukiyar mutum ɗaya ce, niyyar alheri kuma ba a rasa ta ba a karo na farko. Abin da ya sake tsakanin karo biyun shi ne mutanen da ta zauna ta saurara kafin ta buɗe jaka.